Yadda za ka lissafa man ƙaramin jirgi, da abin yi in injin ya ɗauke maka a sama

Duk wanda mai ya taɓa ƙare musu a kan acaɓa ya san yadda ake yi, mashin ya fara shaƙewa, ɗan acaɓa ya sunkuya ya murɗa ɗan makunnin nan zuwa rizab, in rizab ɗin ma ya ƙare ya sauke ka ya kwantar da mashin gefe guda ya girgiza, wani har ya hura tankin da baki, ku lallaɓa zuwa wajen 'yan bumburutu. To a sama babu ko ɗaya, babu gefen titi babu mai jarka. Kuma abin mamaki har yau ɗin nan a Amurka, ƙasar da ta fi kowa yawan ƙananan jirage na ƙashin kai, wannan matsalar ta ɗan acaɓa tana nan tana kayar da mutane.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da gargaɗi a 2017 a kan wannan, ta ce daga 2011 zuwa 2015 duk shekara ana samun haɗari sama da 50 saboda sakaci da mai kawai. Kashi 56 cikin ɗari mai ne ya ƙare ƙarƙaf, kashi 35 kuma, wannan ne mai ciwon, akwai mai a jirgin amma bai isa injin ba. Kar ka ce 'yan koyo ne fa, ɗalibai kashi 2 ne kacal, kusan rabin waɗanda abin ya faru da su masu lasin ɗin haya ne ko na manyan jirage, wato gwanaye. Ɗan koyo tsoro yake ji, sau biyu yake leƙa tanki. Wanda ya saba ne yake cewa ai na san jirgina.

Ni a Florida na koyi tuƙi, a kan Cessna 172 da Piper Warrior, saboda haka misalaina daga su za su fito, amma lambobin da za ka yi aiki da su na littafin jirginka ne, ba nawa ba.

Fara da wannan, mai a jirgi lokaci ne

Ka cire tunanin mota daga kanka, wai cikin tanki zai kai ni Kaduna daga Kano in dawo. Jirgi ba nisa yake sha ba, awa yake sha. Injin yana zuƙar galan kaza duk awa ko kana gudu ko iska ta tokare ka kana rarrafe. Cessna 172S tankunanta biyu suna cin galan 56, amma 53 ne kawai injin zai iya ja, sauran ukun suna kwance a lungun tanki ba za ka taɓa morarsu ba. In ka ɗauka tana shan galan 10 a awa, ni haka nake lissafi duk da littafi yakan ba da ƙasa da haka, kana da awa 5 da minti 18. Ka cire galan ɗaya da ɗoriya na tayarwa da gangarawa bakin titin tashi, ka tuna hawa sama ya fi tafiyar miƙe shan mai, sannan ka cire ajiya.

Dokar Amurka ta ce in kana tafiyar gani da ido da rana, ka tashi da man da zai kai ka inda za ka sauka har ya yi saura na minti 30, da dare minti 45. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma wallahi minti 30 a Cessna galan 5 ne, an raba shi tanki biyu, allurar geji ta riga ta kwanta kana kallonta gabanka na faɗuwa. Ni awa ɗaya nake ajiyewa, kuma ba na lissafa ta a cikin tafiya sam, kamar kuɗin adashen mutane ne a hannuna.

Ga inda iska take cin amana. A ce tafiyar mil ɗin teku 300 ce, jirgi yana yin not 110, wato mil ɗin teku 110 a awa, awa 2 da minti 44 ke nan. Sai iskar gaba ta not 25 ta tare ka, gudunka a ƙasa ya koma 85, tafiya ta zama awa 3 da minti 32. Minti 48 sun ƙaru, sun cinye ajiyar doka ta minti 30 har sun nemi ƙari. Kuma kar wani ya ce maka ai a dawowa iskar za ta biya ka, ba ta biya duka, dawowar awa 2 da minti 13 ce, jimilla awa 5 da minti 45, alhali in babu iska awa 5 da minti 27 ne. Ka fi daɗewa a ɓangaren da take cutar ka, shi ya sa.

Wani abu da mutane ke mantawa, lambobin shan mai na littafi an rubuta su ne a kan cewa ka ja jan maɓallin nan mai daidaita mai da iska baya yadda ya kamata in ka kai sama. In ka bar shi a dunƙule ciki tun daga ƙasa har ka sauka, kana shan fiye da abin da ka rubuta a takarda, kuma babu mai faɗa maka.

Sai batun ma'auni, wannan ya shafe mu sosai mu da muka saba da lita. Littafin Cessna da Piper galan na Amurka yake nufi, lita 3.785, galan na Ingila kuma lita 4.546 ne, daban. In ka ce wa mai ba da mai "sa min 40" kana nufin galan shi kuma mitarsa lita take ƙirgawa, ya ba ka galan 10 da rabi ke nan, man awa ɗaya, kai kana zaton na awa huɗu ne. Ba ƙananan jirage kaɗai ba, a ranar 23 ga Yulin 1983 wani Boeing 767 na Air Canada ya shanye mai tsaf a sama saboda an lissafa da fam maimakon kilo, ana buƙatar kilo 22,300 aka tashi da fam 22,300, ƙasa da rabi. Allah ya sa kyaftin ɗin, Robert Pearson, ya iya tuƙa jirgin nan marar injin mai shawagi, ya lallaɓa ya dire shi a tsohon filin sojan sama na Gimli babu wanda ya mutu. Ka faɗi ma'aunin da bakinka, ka tsaya a wajen ana zubawa, ka karanta rasit.

Kafin ka tashi, gani ya kori ji

Gejin man ƙaramin jirgi, musamman tsofaffin nan na shekarun 1970 da suka cika makarantu, ba abin yarda ba ne. Tsohuwar ƙa'idar ƙira abin da ta fi jaddadawa shi ne geji ya nuna sifili lokacin da man da ake iya ja ya ƙare, to tsakanin cike da sifili fa sai ka ga allura tana rawa yadda ta ga dama. Saboda haka ka ɗauko tsani ko ka taka matakin jikin jirgin ka hau fiffike, ka buɗe murfi ka leƙa da idonka. In ba cike yake ba ka sa sandar awo wadda aka yi wa irin wannan jirgin, ba ta wani ba. A Warrior akwai wani ɗan ƙarfe a cikin bakin tanki, in mai ya taɓa shi galan 17 ke nan a wannan ɓangaren. Kuma jirgin ya zama a daidai yake tsaye, in ya karkata awon ƙarya ne, a Cessna ma in silekta, wato makunnin zaɓen tanki, tana kan duka biyu mai yana iya gangarawa daga tanki ɗaya zuwa ɗayan.

In ka gama ka rufe murfin da hannunka ka ji ya kama. Saman fiffike wuri ne da iska ke zuƙa in ana tafiya, murfi in bai zauna ba za ta dinga tsotse mai tana fesarwa baya, a Cessna kuma fiffiken yana saman kanka ba ka gani.

Akwai ɗan bututun numfashi na tanki a ƙarƙashin fiffike, ka duba shi. Zanzaro yana son sa kamar me, kwana biyu jirgi na ajiye sai ya zo ya liƙe shi da laka, in ya toshe iska ba ta shiga ta maye gurbin man da ya fita, mai sai ya daina sauka alhali tanki cike. Su ma can Amurka suna da nasu zanzaron.

Yanzu tsiyaya. Akwai ɗan kofi na roba garai-garai mai tsinke a tsakiya, kana danna shi a ƙasan tanki mai ya zubo. Sabbin 172 wuraren tsiyaya 13 gare su, kuma eh, duka za ka bi. Man ƙananan jirage masu fistin, afgas 100LL, shuɗi-shuɗi ne. Ruwa ya fi shi nauyi sai ya kwanta a ƙasa. Na tuna wata safiya bayan an kwana ana ruwa, damina a Florida kusan kullum da yamma sai an yi, na danna kofi a fiffiken hagu na ɗaga shi saitin rana, sai ga wasu ƙwallaye guda uku kamar idon kifi suna gangarawa a ƙasan shuɗin. Na zubar na sake, wannan karon kusan rabin kofin fari ne, layi ya raba su sarai. Sai da na cika kofi shida kafin ya fito tas. Robar murfin ce ta tsage, ta bushe kamar tsohon silifas, kuma an yi ta hawa jirgin a haka a makarantar babu wanda ya rubuta. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne da kofin farko ruwa ne zalla, da babu layin da zan gani, sai in ce ai garau yake. Don haka ba tsabta kaɗai kake dubawa ba, ka ga shuɗin, ka sansana. In yanzu aka zuba mai ka ba shi 'yan mintuna ruwan ya kwanta. Wasu tsofaffin Cessna 182 tankinsu jakar roba ce a cikin fiffike, tana yin tamoji ruwa ya maƙale a ciki, sai ka girgiza fiffiken ka sake tsiyaya.

Sai kuma zuba man da ba shi ba. Jet A-1, wato man jiragen jet, ɗan'uwan kananzir ne, fari ko ruwan ɗorawa-ɗorawa, warinsa ma na kananzir. In ya shiga injin afgas mugun abu ne don injin zai tashi lafiya da ragowar man da ke bututu, ka gangara ka yi gwaji komai daidai, sai ka ba shi wuta duka kana hawa sannan ya fara ƙwanƙwasa ya ƙone kansa, daidai lokacin da ba ka da tsayi. Haka ta faru da Bob Hoover, ɗaya daga cikin matuƙan da Amurka ta fi girmamawa, aka ɗura wa jirginsa Shrike Commander man jet don ya yi kama da wani samfuri mai shan sa, injin biyu suka ɗauke bayan tashi. Daga nan aka fito da bakin tiyo mai faɗi na man jet da zoben da ke rage bakin tankin afgas don kar ya shiga, har yau da sunansa ake kiran su. Gauraye kuma yana iya fitowa shuɗi ya yaudare ka, gwajin mai sauƙi ne, ɗiga a farar takarda, afgas zai bushe ya ɓace, kananzir zai bar tabon maiƙo.

Wannan ya shafi 'yan'uwa masu koyo a gida. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ta daɗe tana koyarwa da Tampico TB-9 masu shan afgas, daga baya ta kawo Diamond DA40 da DA42 masu injin irin na dizal da ke shan Jet A-1. Ga su nan dukansu ƙanana masu farfela, a ido ba za ka ce abincinsu daban ba, to ka karanta rubutun da ke gefen murfi duk lokacin da za a zuba. Afgas yana wuyar samu a yankinmu, sau da yawa a duro yake zuwa, duron da aka bari tsaye a waje ruwa yana taruwa a kansa, zafin rana da sanyin dare su sa ya zuƙe shi ta bakin murfi. A kwance ake ajiye shi, a tace kafin a zuba. Fetur ɗin gidan mai kuwa, sai in injinka da jirginka an amince musu a rubuce, kamar wasu masu injin Rotax, kuma ko a nan zafinmu yana sa shi tururi a cikin bututu ya hana mai wucewa.

A sama, agogo ne gejinka

Da ka tashi ka rubuta lokaci a takardar da ke kan cinyarka, kusa da shi ka rubuta lokacin da dole tayarka ta taɓa ƙasa, ko ka isa ko ba ka isa ba. Misali na tashi 9:10, ina da awa 4 ban da ajiya, to 1:10 ina ƙasa, ko a wane fili ne. Duk wurin da ka wuce ka gwada lokacin da ka yi zato da wanda ka iso, in kana makara kullum to iska ce, ka sake lissafi tun da sauran hanya. Geji kuma ga yadda nake yi da shi, in ya nuna fiye da lissafina ban yarda da shi ba, in ya nuna ƙasa da lissafina na yarda da shi nan take, don wataƙila yoyo ake. Na'urar zamani mai ƙirga man da ya wuce tana da kyau sosai amma ba ta leƙa tanki, abin da ka danna mata da safe shi ta sani, in ka ce mata cike alhali ba cike ba, za ta yi ta maimaita maka ƙaryarka har injin ya tsaya.

Silekta, wato makunnin zaɓen tanki, ita ce rizab ɗin ɗan acaɓa, kuma ita ke kawo yawancin wancan kashi 35 ɗin. Cessna 172 tana da hagu, dama, da duka biyu, shi ya sa wanda ya koya a kanta yake sangarcewa. Piper Warrior da Cherokee babu duka biyu, hagu ne ko dama ko kashe. Ranar da na fara tafiya mai nisa a Warrior hankalina yana kan taswira da rediyo, malamina wani dattijo marar yawan magana yana zaune ya harɗe hannu, ashe da gangan ya sa aka bar tankin hagu da ɗan kaɗan. Muna ƙafa 5,500 sai injin ya yi tari sau biyu, farfela tana juyi amma babu ƙarfi, hancin jirgi ya fara sunkuyawa. Ni dai na ji bayana ya jiƙe, hannuna ya tafi kan totur ina turawa kamar shi ne matsalar. Bai ce komai ba, yatsa kawai ya nuna gefen gwiwata ta hagu. Na kunna fanfon mai na lantarki na murɗa silekta zuwa dama, shiru, na ƙirga wajen daƙiƙa shida da suka yi min kamar wata guda, sannan ya kama. Littafin Piper ya faɗa, in bututu ya riga ya bushe zai iya ɗaukar har daƙiƙa 10 kafin mai ya iso, to kar ka firgita ka mayar da silekta kan busasshen tankin, mutane sun yi haka.

Tun ranar nake sa ƙararrawa duk minti 30. Kunna fanfo, murɗa, ka ji ta faɗa gurbinta ƙwas don in ta tsaya tsakani mai ba ya wucewa, ka kalli allurar matsin mai, sannan ka kashe fanfo ka rubuta. Ka canza tanki kana sama sosai kuma akwai inda za ka iya sauka a ƙarƙashinka. Kar ka canza a bakin titi daf da tashi, tankin da ka yi gwajin injin a kansa shi za ka tashi da shi. Kafin sauka ka koma wanda ya fi mai tun kana nesa.

Kuma ka san inda silektar take da yadda take murɗuwa ido rufe kafin ka tashi da jirgin da ba ka saba ba. Mawaƙin nan na Amurka John Denver a kan wannan ya rasu ranar 12 ga Oktoban 1997 a gaɓar Monterey ta California. Ya sayi Long-EZ, jirgi ne ƙirar hannu, wanda ya haɗa shi ya ɗauke silektar daga tsakanin ƙafafu inda mai zanen ya sa ta, ya mayar da ita bayan kafaɗar hagu. Man da ke ciki kaɗan ne, aka yi masa tayin ƙari ya ce ai ɗan zagaye zai yi na kamar awa ɗaya. Da tanki ɗaya ya ƙare ya juya jiki zai kamo silektar, masu bincike suka ce a wannan juyin ƙafarsa ta danne fedar da ke juya hancin jirgi dama, jirgin ya karkace ya faɗa teku. Matuƙi ne mai dubban awoyi.

In ka ga lissafi ya fara matsewa ka sauka ka sha mai, ko da saura minti 20 ka isa gida, yawancin masu faɗuwa ai kusa da filin da za su suke faɗuwa, suna hango shi. Kuma ka buɗe baki ka faɗa wa hasumiya, wato masu ba jirage hannu ta rediyo. Akwai kalmomi biyu da aka tanada, "minimum fuel" yana nufin ba zan iya jure wani jinkiri ba, amma ba ya sa a ba ka gaba, "Mayday fuel" shi ne ke share maka hanya. Masu kallon ƙwallo sun tuna jirgin LaMia da ya ɗauko 'yan Chapecoense na Brazil ranar 28 ga Nuwamban 2016, takardar tafiyarsa ta nuna lokacin tafiya da ƙarfin mai daidai wa daida, awa 4 da minti 22, babu ajiya ko ta minti ɗaya. Kusa da Medellin ta Kolombiya, inda za su, aka ce su ɗan zagaya a saukar da wani jirgin, suka yi ta zagaye ba su fito fili sun ce gaggawa ba sai da lokaci ya ƙure. Mutum 71 cikin 77 suka rasu. Wataƙila kunyar rubuta rahoto ce fa da tsoron hukunci.

To injin ya ɗauke

Jirgi ba ya faɗowa kamar dutse, ya zama mai shawagi ne kawai. Cessna 172 tana tafiya wajen ƙafa 9 gaba a duk ƙafa ɗaya da ta sauka, kusan mil ɗin teku ɗaya da rabi a duk ƙafa 1,000. Daga ƙafa 5,000 sama da ƙasa kana da wajen mil 7 da mintuna masu ɗan dama. Abu na farko gudu, ka kafa hanci a gudun shawagi na littafi, not 68 a 172S, 73 a Warrior, ka daidaita tirim, abin da ke tsayar da hanci a inda ka kafa shi, jirgin ya riƙe da kansa. Jan sitiyari baya don kar ka sauka shi ne abin da jiki ke so kuma shi ke kashewa.

Na biyu wurin sauka, ka zaɓa da wuri ka juya can, ka leƙa har ƙarƙashinka da bayanka don sau da yawa mafi kyawun fili ka riga ka wuce shi. Ka fuskanci iska in da hali, hayaƙi ko ƙura za su nuna maka. Gona mai kunya ka bi tsawon kunyoyin kar ka gicciye su. Titin mota yana da kyau a ido amma wayoyin wuta ba a ganinsu sai an zo kansu, turakun za ka nema. In ka zaɓa kar ka yi ta sauya ra'ayi.

Sai a na uku ne za ka nemi tayar da injin, kuma ka fara da mai don shi ne ya fi yawa, silekta zuwa ɗayan tankin ko duka biyu, fanfon lantarki, jan maɓalli ciki, zafin kafireta, makullin magneto, abin da ke ba fulogi wuta, ka gwada hagu da dama. Batun zafin kafireta kar ka ce ai ƙasarmu zafi, ƙanƙara tana taruwa a maƙogwaron kafireta ko ana digiri 30 in akwai laima a iska, saboda mai in yana zama tururi a wajen sanyi yake jawowa sosai, littattafan Amurka sun ce har a digiri 38 tana yiwuwa. Alamarta juyin injin yana raguwa a hankali. In ka ja maɓallin zafin, injin zai ƙara ɓaci tukuna don ruwan da ya narke yake haɗiya, ka bar shi a jawe, kar ka mayar. Masu injin fesa mai kamar 172S ba su da wannan maɓallin.

Sannan rediyo, Mayday sau uku a tashar da kake, in babu kowa tashar gaggawa 121.5, ka sa lambar gaggawa 7700 a tiransfonda, na'urar da ke nuna wa hasumiya jirginka. Ka faɗi ko kai wane ne da inda kake da mutum nawa, ka koma tuƙinka, mai hasumiya ba zai iya riƙe maka sitiyari ba. In jirgi ƙirar Cirrus kake tuƙawa, yana da lemar da ke sauko da jirgin gaba ɗaya, ka ja ta tun kana da tsayi, kar ka tsaya tausayin jirgi.

In ya tabbata ba zai tashi ba ka rufe komai don gudun gobara, silekta a kashe, jan maɓalli waje, magneto a kashe, babban makunnin lantarki sai ka gama sauke filaf, faifan bayan fiffike da ake saukewa in za a sauka, don a Cessna da wuta suke aiki. Kowa ya ɗaure bel tamau, ka ɓalle ƙofa kafin ku taɓa ƙasa don in jiki ya lanƙwashe ba za ta buɗu ba. Ka taɓa ƙasa a mafi ƙarancin gudun da jirgi ke tuƙuwa, ƙarfin karo yana ninkuwa ne da gudu sau gudu, wanda ya shigo a not 85 ya sha ninki biyu na wanda ya shigo a 60. In dole sai ka bugi wani abu, ka ratsa tsakanin bishiya biyu fukafukai su sha dukan.

Wanda ya fi duka muni shi ne ya ɗauke kana ƙafa 300 ko 400 bayan tashi. Hanci yana sama, gudu yana zubewa cikin daƙiƙu, kuma mutum yakan yi wajen daƙiƙa 4 kafin ma ya yarda abin ya faru. Tura hanci ƙasa nan take, ka sauka a abin da ke gabanka, ɗan karkata dama ko hagu kaɗan. Zuciya za ta ce ga titi nan a baya ka juya, amma komawar ta fi rabin da'ira don sai ka sake daidaita da titin, kuma in ka kwantar da fiffike digiri 45 gudun da jirgi ke daina ɗaukar kansa yana ƙaruwa da wajen kashi 19 cikin ɗari, a digiri 60 kashi 41, a nan ake juyewa a faɗo da ka. Ka je sama da malami ku gwada ku ga ƙafa nawa juyin yake ci a jirginka, ka ƙara masa rara, kuma kullum kafin ka ba da wuta ka faɗa da baki, ƙasa da tsayi kaza gaba zan sauka, ga filin da zan nufa.

Wani ɗan aiki na ƙarshe da ba a cika koyarwa ba. Duk lokacin da ka sauka aka cika maka tanki, ka ɗauki rasit ka raba galan ɗin da aka zuba da awoyin da ka yi, ka rubuta a bayan littafinka. Bayan tafiya biyar ko shida za ka san ainihin abin da wannan jirgin yake sha a hannunka. Warrior ɗin da na fi hawa littafi yana ba ta wajen galan 8 da rabi, ni kullum 9 da ɗoriya take fito min, tsohon injin ne kuma hannuna yana da nauyi a kan totur, saboda haka da 10 nake mata lissafi.